Bugun zuciyar yaro mai asma bayan ya shaƙi salbutamol

Abu na farko da jinyar yara masu asma ke koya wa ma'aikacin lafiya shi ne ya ƙirga bugun zuciya kafin ya ba da salbutamol, maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin numfashi. In ba a san inda aka faro ba, adadin da aka gani daga baya ba zai nuna komai ba. Tashin asmar ma da kansa yana sa zuciya gudu: bugun da ya haura 140 a minti ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko 125 ga wanda ya wuce 5, alama ce ta tashi mai tsanani tun magani bai shiga jiki ba.

Salbutamol yana sassauta tsokar hanyoyin iska, amma yana taɓa zuciya da jijiyoyin jini su ma. Jijiyoyi su buɗe, zuciya ta ƙara sauri, hannu ya kama rawa. Yawanci cikin awa 4 zuwa 6 abin ya lafa. Hana yaron da ke kokawa da numfashi magani don wannan kuskure ne babba, domin ƙarancin iskar oksijin ya fi cutar da zuciya.

Matsalar tana cikin maimaitawa. Fesawa ɗaya ta inhela maikurogiram 100 ce, goma ta sifesa (bututun da ake haɗawa da inhela don yaro ya shaƙa ta cikinsa) miligiram 1, alhali zubi ɗaya na nebulaiza (na'urar da ke mai da ruwan magani tururi a shaƙa) miligiram 2.5 ne ko 5. Shi ya sa a tashin da bai yi tsanani ba sifesa ta fi, kuma zuciya ba ta cika gudu da ita ba. In ana ta jerawa, maganin yakan tura sinadarin potasiyam cikin ƙwayoyin jiki, na jini ya faɗi ƙasa da milimol 3.5 a lita, bugu ya fara rikicewa. Wasu magungunan asma, wato aminofilin da sitiroyid na sha ko na allura, suna ƙara wannan faɗuwar, ga kuma irin su eritromaisin (maganin ƙwayoyin cuta) da ondansetron (maganin amai) masu tsawaita tazarar QT, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta koma daidai, wanda hakan ke ƙara haɗarin rikicewar bugu. Yaron da ya sha nebulaiza a jere, a auna masa potasiyam, a sa masa na'urar lura da zuciya.

Gudun da magani ya jawo yana hawa sannu a hankali, yana sauka in yaro ya yi barci. Gudun da ya tashi farat ɗaya, ya kafe sama da 180 (ko 220 ga jariri), yana bukatar ECG, gwajin lantarkin zuciya, nan take. Bugun da ya fara raguwa a jikin yaron da ya galabaita kuwa ba sauƙi ba ne, numfashi ne ke shirin tsayawa.

Wanda ya fi ruɗa masu jinya shi ne taruwar sinadarin laktet a jini, wadda yawan salbutamol ke jawowa. Ƙirji ya washe, kukan numfashi ya ragu, amma yaro yana ta haki. Sai a ɗauka asma ce ta ƙi, a ƙara salbutamol, alhali shi ne ya jawo hakin. A nan ana auna laktet ɗin jini, a nisanta lokacin ba da maganin.