Daura, Durɓi ta Kusheyi da Gobarau a kwana uku: yadda muka bi hanyar da mota

Zagayen da muka yi a hutun ƙarshen shekara ya tashi daga Kano, ya bi Kazaure zuwa Daura, ya ratsa Mani ya shiga Katsina, ya dawo Kano. Da ratse-ratsen cikin gari ya kai kusan kilomita 450, kuma ƙaramar motar da ke cin lita ɗaya a kilomita goma ta sha kusan lita 45. Na zaɓi Disamba saboda ƙasa ta bushe. Da damina hanyar ƙauye kan zama taɓo, a bazara kuma rana ba ta barin mutum ya tsaya a fili.

Kafin mu tashi na sa bakanike ya duba fanbel, burki, baƙin mai da ruwan lagireto. Na ɗauki safaya taya, jak, ƙaramin famfon iska, shebur da jarkar ruwa mai lita 20. Abin da na manta shi ne matatar iska ta injin. Ƙurar hunturu ta toshe ta, mota ta rage ja a rana ta biyu, sai da aka cire aka kakkaɓe a Mani.

Daura ba ta da wahala. Rijiyar Kusugu tana cikin gari, an gina ɗaki a kanta, akwai masu kula da ita. Su ne za su ba ka labarin Bayajidda da macijin da ake kira Sarki, wanda aka ce ba ya barin mutane su ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Har yau ana jefa guga a jawo ruwa. Awa ɗaya ta isa, sai dai a guji zuwa dab da sallar Juma'a, domin titunan kusa da fada kan cika.

Inda aikin yake shi ne Durɓi ta Kusheyi, a ƙaramar hukumar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da Katsina. Wanda ya je yana sa ran ganin gini zai wuce wurin bai sani ba. Tuddan ƙasa ne a tsakiyar gonaki, kuma kaburburan sarakunan farko na ƙasar Katsina ne. Baturen mulki Palmer ya haƙa wasu a 1907, sannan a 1992 masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya suka haƙa uku, suka samu 'yan kunne na zinariya, awarwaron hauren giwa da tasoshin tagulla. Kayan suna nuna cewa tun ƙarni na 13 zuwa 14 fatauci ya haɗa wannan ƙasa da Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Kuskurenmu na farko shi ne bin taswirar waya. Ta kai mu wata hanyar amalanke, muka ɓata kusan awa ɗaya. Abin da ya yi aiki shi ne komawa gidan mai gari. Muka yi sallama, muka gaisa yadda ya kamata, muka faɗi abin da ya kawo mu. Ya ce, "Sannunku da zuwa, bari a haɗa ku da wanda ya san wurin." Dattijon da ya raka mu ya nuna mana tudun da aka haƙa da wanda ba a taɓa ba, abin da ido kaɗai ba zai bambance ba. A tanadi ɗan abin goro a hannu, canji ƙanana, don babu na'urar cire kuɗi a can.

Na biyu, yashi. Mun kafe saboda na rage gudu a tsakiyar rairayi sannan na taka totur da ƙarfi, tayoyin gaba suka haƙa wa kansu rami. Maganinsa: a sauke iskar taya daga 32 zuwa wajen 22, a kwashe yashin gaban taya da shebur, a shimfiɗa karan dawa, a tashi a giya ta biyu a hankali. Da an hau kwalta a mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta lalace.

A wurin tuddan za ka ga tsingaro a warwatse a ƙasa. A bar shi inda yake. Mai bincike yana karanta shi ne da wurin da aka same shi, kuma wurin maƙabarta ce, ba a hawa tudun don ɗaukar hoto.

A Katsina mun isa Hasumiyar Gobarau da ƙarfe takwas na safe. Tsayinta kusan mita 15 ne, ginin ƙasa, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Matakalarta ƙuntatacciya ce, sai a hau ɗaya bayan ɗaya, kada a jingina da bango. Da safe hazo kan rufe gari, don haka mai son hoto daga sama gara ya jira hantsi. Daga nan muka wuce tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce.

Maganar tsaro kuwa, kowace safiya na tambayi direbobin haya a tasha halin da hanya take ciki, kuma ba mu bari la'asar sakaliya ta same mu a wajen gari ba. Daga Katsina mun tashi ƙarfe ɗaya na rana, muka shiga Kano kafin biyar.