Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙofar Wadrob

A makon jiya na tsaya a inda muka tare a gidanmu na kanmu, bayan shekara 11 muna haya. Mun tare ɗin, amma wadrob ɗin ɗakina ba ta da ƙofa. Wata biyu tsohon zanin gado na rataya ina kare kayana daga ƙura.

Ni dai mai buɗewa waje nake so, mai hinjis, in wangale biyun in ga komai a lokaci ɗaya. Da kafinta ya zo, bai musa mini ba, tef ya ciro ya durƙusa. Daga wadrob zuwa gado santimita 50, faɗin kowace ƙofa kuma 60.

"Hajiya, gado za ta riƙa duka," in ji shi. "Sai dai mai turawa gefe."

Ya gaya mini aibinta tun kafin in tambaya: rabin wadrob kawai za ki gani a lokaci ɗaya, kuma ƙarfen da take gudu a kai zai ci kusan santimita 10 na zurfin ciki. Tamu 70 ce, saura 60, daidai abin da hanga take buƙata. Mai naɗewa kuwa ni na ƙi, saboda yatsun yara.

A kan katako ne muka daɗe. Maigida ya fi son MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, don santsinsa da yadda yake karɓar fenti. Ni kuma na kafe, domin bayan bangon nan banɗaki ne, MDF kuwa in ya sha danshi kumbura yake yi, ba ya komawa. A gidan hayarmu na ƙarshe, cikin rufaffiyar wadrob, fumfuna ta cinye zanin da mahaifiyata ta bar mini, Allah ya jiƙanta. Har yau ina jin warin nan a hancina. Da na faɗi haka, maigida ya yi shiru, can ya ce wa kafinta, "Malam, yi mata yadda take so."

Aka tsaya a kan falwaya mai kauri, wato fallayen katako da aka manne wuri ɗaya, saman kowace ƙofa da 'yan tsage-tsage don iska ta ratsa. Na san ƙura za ta ɗan shiga, na yarda in riƙa gogewa.

Ranar da aka ɗaura su, na rufe ta dama, na juya zan fita, sai na ji ta tana zamewa ita kaɗai a hankali. Kafinta ya kalli ƙasan ɗakin, ya dafe kai.

Mu haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.