Hawa da gangara da motoci biyu

Da motoci biyu muka kama hanya. Ni ina tuƙa Prius, mai haɗa fetur da lantarki, yayana kuma yana cikin tasa mai aiki da batir zalla. Tafiyar da nisa, ga tsaunuka a tsakani.

Kafin mu fita gari cunkoso ya riƙe mu, a nan kuwa Prius take nuna gwanintarta. Da na tsaya a danja sai injin ya mutu da kansa. In na saki birki batir ne ke jan motar shiru, sai na taka totur sosai sannan injin ya farka. Dabarar da Toyota ta fito da ita ke nan a Japan tun 1997, kuma har yau a cikin gari ta fi riba, domin tsaye-tsayen nan ne ke shanye man mota.

A babban titi lissafi ya canza. Iska ce abokiyar gaba: in ka ninka gudu sau biyu, turjiyarta ninki huɗu take yi. Ni dai na ga allon motata yana nuna shan mai ya ƙaru, amma Yaya abin ya fi shafa, don kilomitocin da cajin batirinsa zai iya kai shi raguwa suka dinga yi a kan idonsa. Hawan dutse ya ƙara cinye su.

A gindin hawa na ƙarshe muka tsaya ya yi caji. Tuni na cika tankina ina jira. Da batir ya kai kashi 80 cikin ɗari sai ya zare waya.

“Yaya, ba za ka bari ya cika ba?”

“Daga nan a hankali yake sha, don kada batirin ya yi zafi ya lalace. Kuma ka bar wa gangara wuri.”

Gangarar ce ta fi burge ni a duk tafiyar. Motar fetur in tana sauka, ƙarfin nan a birki da injin yake ƙarewa, ya zama zafi ya bi iska. A waɗannan motoci kuwa, na’urar da ke juya tayoyi ita ce ke komawa janareta da zarar ka ɗaga ƙafa, tana riƙe motar tana kuma mayar da wuta cikin batir. Nawa ƙarami ne, bai kai kilowat-awa 2 ba (ma’aunin wutar da batir ke ɗauka), nan da nan ya cika, dole na sa giyar B injin ya taimaka wajen riƙewa. Na Yaya ya ninka nawa sau da yawa, shi ya sa ya yi ta karɓa har ƙasa. Mun sauko da cajinsa fiye da yadda yake a kan tudu, abin da babu tankin mai da zai taɓa yi.

In hanya ba ta da wuraren caji, Prius zan sake ɗauka ba tare da shakka ba. Amma da Yaya ya ba ni sitiyarinsa a zangon ƙarshe, na ji yadda take tashi take ba jiran giya, ba ƙara ba girgiza, sai da na yi sha’awarta ƙwarai. Da muka isa masauki ya jona ta da soket ta kwana tana caji.