Katin da ya yi mini aiki a Abijan ya kunyata ni a Santambul

Shekara bakwai ina yawo da kati ɗaya a aljihu, ban taɓa tsayawa na karanta abin da ke rubuce a jikinsa ba. Ni ɗan Tawa ne, kuma duk wanda ya san Adar ya san ba mu zaman gida. Mahaifina a Abijan ya ci rani, ni ma a kasuwar Ajame na fara sarin takalma da kayan yara, daga baya na ƙara da Lome da Kwatano. A garuruwan nan in kuɗin hannu suka ƙare sai in nemi gishe, wato na'urar cirar kuɗi, in zura kati, in danna lambobina huɗu, sefa ta fito. Har na ɗauka haka duniya take.

Ranar da na fara sauka Santambul na gane kurena. Da sanyin safiya a unguwar Laleli, inda ƴan sari ke taruwa, na gwada na'ura ta farko ta tofo mini katin. Ta biyu ma haka. Ina tsaye gaban ta uku wani Bamaraɗe da muka shigo jirgi ɗaya ya karɓa ya duba, ya kwashe da dariya.

"Alhaji, wannan ai katin gida ne. Ina ka ga Visa a nan?"

Ashe katin GIM-UEMOA ne zalla. Tsari ne na bankunan yankinmu, cibiyarsa tana Dakar, kuma ƙasashe takwas masu sefa ɗaya yake haɗawa: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. A cikinsu ba shi da laifi, ya fi ma araha, tunda babu canji tsakanin sefar Yamai da ta Abijan. Da zarar ka ƙetare su ya zama guntun roba. Ko Cadi da Kamaru kada ka dogara da shi, don sefarsu ta Afirka ta Tsakiya ce, darajarsu ɗaya da tamu amma banki daban, takarda daban. Abin da ya fisshe ni ran nan yuro ne da uwargida ta matsa mini na saya wajen ƴan canji a Yamai, ina ta gunaguni.

Da na dawo, ban ko huce gajiyar bas ɗin Yamai zuwa Tawa ba na nufi banki. Yarinyar da ke teburin katuna ta ce, "Baba, wanne kake so, wanda ke haɗe da asusunka ko na lodi?"

Na ce, "Ƴata, yi mini bayani kamar ban taɓa shiga banki ba."

Na farko kai tsaye yake ja daga asusu. Na biyu sai abin da ka zuba masa, kamar yadda ake sa wa salula kuɗi. Na ɗauki na lodi, dalilina kuwa ɗaya ne: jarina gaba ɗaya a asusun nan yake kwana. In ɓarawo ya kwafi lambobin katin a wani shago, gara ya tarar da kuɗin otel da abinci, ba kuɗin kwantena ba. Yana da nasa ciwon kai. Kowane lodi ana cire wani abu, in ya ƙare kana waje sai ƙanena ya je ya zuba, kuma wasu otel da masu hayar mota ba su son sa, don sukan riƙe kuɗin jingina a kan kati har ka tafi.

Mutane sukan tambaye ni Visa ko Mastercard. A tafiye-tafiyena ban ga inda aka karɓi ɗaya aka ƙi ɗaya ba. Gardamar banza ce. Inda kuɗinka ke zurarewa shi ne takardar farashin bankinka, wadda ba a miƙo maka sai ka roƙa. Kuɗin shekara na kati, wanda kowa ke ciniki a kansa, shi ne mafi ƙanƙanta. A bayansa akwai kamashon canji da ake lissafawa bisa ɗari, akwai kuɗin cira da ake yanka kowane lokaci ka taɓa na'ura, sannan mai na'urar can ma yana iya ɗora nasa. A ce kuɗin cira jikka uku ne. In ka ciri kwatankwacin jikka talatin, ka ba da kashi 10 cikin 100 tun kafin a zo maganar canji. In ka ciri jikka ɗari uku a tashi ɗaya, kashi 1 ne. Shi ya sa na daina cirar tsinta-tsinta.

Mu masu sefa muna da ma'auni a hannu wanda maƙwabtanmu na Najeriya ba su da shi. Tun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Yuro 100 ke nan sefa 65,596. In ka yi sayayya da yuro, duk abin da ya hau kan wannan a takardar asusunka, ladan banki ne, kana ganinsa ƙiri-ƙiri. Da lirar Turkiyya ba haka ba ne, farashinta na safe daban na yamma daban, kuma a nan ne ake yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa.

Ga yadda abin yake. Ka zura kati, ka zaɓi adadin lira, sai na'ura ta gane katin baƙo ne, ta yi maka tayi cikin ladabi: tana iya yi maka canjin nan take, ga farashi a rubuce, ka san abin da za a cire maka. Wa zai ƙi sanin abin da za a cire masa? Sau biyu na danna "na yarda". Sai da na zauna da takardar asusu da kalkuleta a shagona, na jera cirar da na yarda da wadda na ƙi bisa kuskure, na ga wadda na ƙi ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Dalili shi ne, in ka yarda, mai na'urar ne ya yanka farashin canjin da ribarsa a ciki. In kuma kuɗin da ya juya maka zuwa gare su yuro ne ko dalar Amurka, bankinka zai sake juyawa zuwa sefa ya ɗauki nasa. An aske ka sau biyu. In ka ƙi, Visa ko Mastercard ne ke canjin da farashinsu na ranar. Haka ƴar na'urar da mai shago ke miƙo maka take yi. Ka ce kuɗin ƙasar kake so, lira a Turkiyya, dirhami a Dubai, riyal a Makka.

(Na rubuta "dalar Amurka" da gangan. Na taɓa ce wa wani yaron shagona kaya dala ashirin ne, ya miƙo mini sefa 100.)

Abu biyu suka ƙara kama ni, duka laifina. Kati yana da iyakar abin da zai fitar a rana ko a mako, ni kuwa ban tambaya ba, sai da ya tsaya mini gaban mai sari da kaya ɗaure. Ana iya ɗaga iyakar, amma tun kana gida ake nema. Na biyun ya fi ban haushi. Zan canza ranar tikitina ta intanet, aka ce an turo lambar tabbaci ta saƙon salula. Layin nawa na Nijar yana cikin durowa a Tawa, na cire shi tun kafin na taso don in sa na Turkiyya. Tsakar dare na tashi uwargida ta nemo tsohuwar salula ta zura shi, kafin ta karanto mini lambar wa'adinta ya wuce. Sai a karo na uku muka dace. Yanzu wayata mai layi biyu ce, kuma ina buɗe wa na gida damar karɓar saƙo a waje kafin in tashi daga filin Diori Hamani. Lambar da ake kira a toshe kati in ya ɓata tana rubuce a takarda cikin fasfo, ba a wayar da za a iya sacewa tare da shi ba.

Abokaina masu zuwa Guwanzu ta ƙasar Sin sun ce can wata duniya ce, ƙananan shaguna da waya suke karɓar kuɗi, Alipay ko WeChat Pay, sai ka ɗaura katinka a kansu. Ban je ba tukuna.

Yau katuna biyu nake ɗauka, na GIM don hanyar Abijan, na lodi don ƙetare, da yuro kaɗan a wani aljihun daban. Ƙanen mahaifina zai tafi Umra da azumi, na je har gida na zauna na yi masa wannan dogon karatu, har da cewa riyal 3.75 ne dalar Amurka ɗaya, kuma in ya kuskure lambar sirri sau uku katin zai toshe. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗaga riga ya nuna mini lalitarsa ta fata, wadda ya je hajji da ita tun ina yaro.

"Wannan ba ta taɓa tambayata lamba ba," in ji shi.

Mun rabu a kan zai karɓi katin, amma jikarsa da za ta raka shi ce za ta riƙe.