Daidaita Sauri da Murya a Kiɗan Minimal

Idan na dawo daga wuraren bikin da nake yi wa kiɗa, nakan zauna a ɗakina da ke Unguwar Rimi ina haɗa kiɗan da ake kira minimal, wanda ya taso a birnin Detroit na Amurka a farkon shekarun 1990 a hannun irin su Robert Hood, kafin ya samu gindin zama a Jamus. Kiɗa ne mai ƙarancin kaya: ganga mai bugu huɗu-huɗu, da bes, wato sautin ƙasa mai kauri, da wani siririn sauti da yake ta maimaituwa. Wannan ƙarancin ne ya sa ba ya rufa wa DJ asiri. A wurin biki muryar mawaƙi da guɗar mata suna binne kuskure, amma a nan ko gocewa kaɗan aka yi sai kunne ya kama.

Batun sauri ya fi sauƙi. Yawancin wannan kiɗa yana tsakanin bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya, kuma aikin DJ shi ne ya daidaita gangar kiɗan da ke tashi da ta wanda zai shigo har su zama kamar hannu ɗaya ke bugawa, sannan ya shigo da sabon kiɗan a farkon gaɓa, bayan ya ƙirga bugu 32.

Murya ce ta fi ba ni wahala. Kowane kiɗa yana da gidan muryar da ya zauna a kai, kuma DJ da yawa suna bin da'irar Camelot, wadda ta jera gidajen daga 1 zuwa 12, kowace lamba da A da B. Wanda yake kan 8A zai iya wucewa 7A ko 9A ko 8B ba tare da sautuka sun yi karo ba. Manhajoji irin su Rekordbox suna rubuta lambar a gefen kowane kiɗa, ko da yake wanda kusan duk ganga ce yakan rikita su.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne sauri da murya a ɗaure suke, kamar yadda makaɗin kalangu yake matsa tsarkiya sauti ya hau. Idan aka ƙara sauri da kusan kashi 6 cikin 100, misali daga 120 zuwa 127, murya takan hau rabin mataki, sai 8A ya koma 3A alhali lambar da aka rubuta a gefen kiɗan ba ta canza ba. Mafi muni shi ne ƙarin kashi 3, wanda yake barin kiɗan a tsakanin gida biyu. Wani dare na haɗa biyu masu lamba ɗaya bayan na ƙara wa ɗayansu sauri, sai na ji bes ɗin yana kaɗawa a lasifika kamar janareta mai shirin mutuwa, har ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, lasifikar ce ta fashe?"

Akwai maɓallin da yake kulle murya ko an canza sauri, kuma ina amfani da shi, sai dai idan tazarar ta yi yawa yakan rage wa ganga ƙarfi. Saboda haka yanzu nakan zaɓi waɗanda saurinsu ya kusanci juna, in rage bes na mai shigowa, in saurare su tare a kunne kafin in ɗaga sauti.