Filayen wasa a hanyar Birnin Kudu

Ranar Alhamis da sassafe muka bar Kano, don kada mu haɗu da cunkoson kasuwar shanu ta Wudil da ke ci ranar Juma'a. Bayan gadar Wudil sai Kachako, sai Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ta rabu, mu kuma muka miƙe. Filayen wasa na ƙauyukan bakin titi na fito dubawa.

Kusan kowane ƙauye filin makarantar firamare ne filin ƙwallonsa, sai dandali a tsakiyar gari inda ake langa da dare, dattawa kuma su baje dara da la'asar. Wani fili kusa da Birnin Kudu shi ya fi tsayar da ni, domin an yi aikinsa da hankali. Sun shimfiɗa shi kudu da arewa, saboda haka ranar yamma ba ta dukan idon gola. Turakun raga na bututun ƙarfe ne, faɗi mita 7.32, tsayi mita 2.44, an binne gindinsu da siminti. Wanda ya kafa na katako, gara za ta cinye masa kafin damina biyu, sai dai in ya shafe gindin da baƙin mai.

Darbejiya suka jera ta gefen yamma, taku takwas tsakanin kowace da 'yar uwarta. Na tambayi wani dattijo da ke zaune a inuwar yadda suka raya su.

"Malam, dasawa ba wuya. A dasa in ruwa ya zauna, a kewaye da ƙaya saboda awaki, rani kuma a ba kowace bokiti guda bayan kwana biyu. Bazarar farko ce ke kashe su."

"Wa ke ban ruwan, Baba?"

"'Yan ƙwallon. Wanda bai ɗebo ba, ba ya buga wasa."

Lilon yara kuwa bai yi daɗi ba. Sarƙar ta cinye ƙugiyar da ke sama don ba a sa mata giris, mazaunin kuma na ƙarfe ne, da rana ba mai iya zama a kai. Ƙarƙashinsa ƙafafun yara sun haƙa rami, wanda da damina zai zama kududdufin sauro. Yashin rafi ake zubawa a nan, kaurinsa kamar taƙi guda, a riƙa ƙarawa duk shekara. Katako mai kauri ya fi dacewa da mazauni.

Da azahar muka isa Birnin Kudu, muka nufi Dutsen Habude don ganin tsoffin zanen shanu a jikin dutse. Mai zuwa ya riƙo ruwan sha da takalmi mai kama dutse, ya kuma nemi ɗan gari ya raka shi, domin zanen ya dusashe, baƙo zai iya wuce shi bai lura ba.