Maƙerar da na buɗe a New Jersey, da kabarin wani ɗan Sikotlan

A gidanmu ƙira gado ce. Ina ɗan shekara bakwai Baba ya zaunar da ni bakin zuga-zugi, kuma na daɗe a nan kafin ya yarda in taɓa masaba. Da ido ya koya mini wuta. In ƙarfe ya yi ja kamar garwashi bai nuna ba, in ya koma ruwan lemo sai a ɗauko shi da awartaki, in ya fara tartsatsi kuma an ƙona shi. Ranar da na ƙona masa ruwan fartanya bai yi mini faɗa ba, ya dai miƙo mini shi ya ce, "Riƙe, kai za ka yi noma da shi bana."

Yau ina da ƙaramar maƙera a garin Paterson, jihar New Jersey ta Amurka, mu huɗu. Muna ƙera ƙofofin gida, da madafar matakala, da shingen baranda. Wutarmu ta gas ce yanzu, amma duk murɗi da lanƙwasar da za ka gani a aikinmu, a kan uwar maƙera aka buga shi da hannu.

Wani mai gida da na gyara wa tsohuwar ƙofa shi ya ce in je Ringwood, arewa da mu, in ga inda aka binne Robert Erskine. Na je, kuma tun ranar labarin mutumin bai bar ni ba. An haife shi a Dunfermline ta ƙasar Sikotlan a 1735, ɗan limamin coci ne. Ya yi karatu a Edinburgh, ya shiga kasuwanci a Landan ya karye, sai ya koma aikin injiniya har ya ƙirƙiro famfon ruwa. Masu jarin ma'aikatar ƙarfe ta Ringwood suka ɗauke shi ya maye gurbin wani Bajamushe, Peter Hasenclever, ya iso Amurka a 1771. Abin da ya fi burge ni, kafin ya hau jirgin ruwa sai da ya zagaya ma'aikatun ƙarfe na Birtaniya ya ga yadda ake narka tama da yadda ake bugu. Injiniya ne cikakke, amma bai yarda ya shugabanci maƙera bai san wuta ba.

Aikin nasu ba na wasa ba ne. Daga duwatsun wurin ake haƙo tama, a sare daji a ƙona gawayi, ruwan rafi kuma ya juya wata babbar ƙafa irin ta keke da ke tuƙa zuga-zugi da wata ƙatuwar guduma. Da na tsaya a wurin, hannuna na dama na tuna, da irin ciwon da yake yi mini ina yaro.

Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya taso, a 1775 ya haɗa ma'aikatansa ya yi rundunar sa-kai, shi ne kyaftin. Ta haka ya riƙe gwanayensa kusa da wuta, ba su tafi wata runduna ba. Wanda duk ya taɓa horar da yaro shekara uku ya wayi gari yaron ya tafi, ya san dalilin. A 1777 George Washington ya naɗa shi mai zana wa sojoji taswira, ya zana sama da 200. Yana kan wannan aiki sanyi ya kama shi, ya rasu ranar 2 ga Oktoba 1780, yana da shekara 45.

Na dawo shago washegari na tarar da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum. Wata mata ta zo da hoton madafa a waya, ta ce ta ga irinta rabin kuɗinmu. Na ɗauko guntun irin wannan da na cire daga wani gida, na ba ta. Bututu ne mara kauri, an ɗiga masa walda nan da can, an rufe da fenti. A nan kuwa gishiri ake watsawa a matakala lokacin ƙanƙara, shi ke cinye gindin daga ciki, sai ranar da tsoho ya dafa ya ji ta tafi da shi. Sannan na ɗora mata sandarmu a ɗaya hannun, ƙarfe zalla ba rami. Muna kankare shi tas, mu shafa maganin tsatsa kafin fenti, gindin kuma mu toshe shi yadda ruwa ba zai kwanta ba. Ta yi ciniki har na gaji, amma sati biyu bayan nan ta dawo da awon matakalarta.

Mai son aiki ya zo shago ya ɗaga ƙarfen da hannunsa kafin mu yi maganar kuɗi. Ranar Juma'a muna rufewa da azahar, Asabar kuwa wuta na kunne tun ƙarfe bakwai.